Fim ɗin da ya burge ka da wanda ka ji daɗinsa, wanne ya fi cancantar maki?

Mai Tabarau ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma sai na fara zayyana abin da na kalla kwanakin nan, don daga nan gardamar ta taso.

Ni ba mai sharhin fina-finai ba ne. Kallo kawai nake yi idan na tashi daga aiki, in na gama kuma in rubuta maki cikin goma a wani ɗan littafi don kada in manta. Uku na baya-bayan nan su ne Oppenheimer da RRR da Society of the Snow.

Oppenheimer na ba shi 7. Na san fim ne na Christopher Nolan a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, na san ya kwashe lambar yabo ta Oscar har guda 7 a 2024, ciki har da ta fim mafi kyau. Awa biyun farko kam ba abin da zan ce. Wurin da aka gwada bam ɗin a hamadar New Mexico a watan Yulin 1945, da hasken nan ya tashi aka ɗauke sauti ɗif, ba ka jin komai sai numfashin mutane, sannan can daga baya ƙarar ta iso, wallahi sai da na dafe kujera. To amma daga nan fa sai aka shige wani ɗan ƙuntataccen ɗaki aka yi ta tambayoyi, wane ya ce, wane bai ce ba, ga sunaye rututu, ga hoto yana tsalle daga mai launi zuwa baƙi da fari. Awa uku cur. Ta ƙarshen nan da ƙyar na kai ta, ina yi ina duba agogo.

RRR na ba shi 8 da rabi. Shi ma ya haura awa uku, amma ban san lokacin da ya ƙare ba. Na san ƙarya ce tsagwaronta. Mutum ɗaya ya kutsa cikin dubban jama'a da kulki ya fito da wanda yake nema. Biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun yi wa juna alama da hannu daga nesa, ɗaya a kan doki ɗaya a kan babur, suka ɗaure igiya suka dira daga gada don ceton yaro. Sai wurin da babbar mota ta juya a tsakiyar liyafar Turawan mulkin mallaka, damisa da kyarkeci da barewa suka tsinke suka fito tare da jarumin. Nan na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina dariya. Sunayen jaruman biyu na mutanen da suka taɓa rayuwa ne, Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, amma labarin ƙirƙira ce, daraktan fim ɗin S. S. Rajamouli ma bai ɓoye hakan ba.

Society of the Snow shi ne ya rikita min lissafi. Labarin gaskiya ne, na jirgin da ya ɗebo 'yan wasan zari-ruga daga Urugwai ya faɗi a tsaunukan Andes a watan Oktoban 1972. Mutum 45 ne a ciki, 16 suka tsira, bayan kwana 72 cikin dusar ƙanƙara. Abin da suka yi don su rayu sananne ne, ba sai na faɗa ba. Wurin da suka ji a rediyo cewa an daina nemansu, da wurin da ƙanƙara ta zaftaro ta binne su a cikin gangar jikin jirgin, har yanzu suna dawo min. Fim ne da babu abin kushewa a jikinsa, amma ko biyana za a yi ba zan sake kallonsa ba. Na rubuta 9, na soke, na rubuta 8, na soke. Har yanzu wurin a buɗe yake.

Da ƙanena ya ga littafin sai ya ce abin kunya ne in ɗora fim ɗin da mutum ke jifa da babur a kan fim mai Oscar 7. Ni kuma na ce masa littafina ne, ba na alƙalan Oscar ba.

Tambayar ita ce: idan za ku ba fim maki, me kuke aunawa, ingancin aikin ko daɗin da kuka ji? Fim ɗin da ka yarda ya haɗu amma ba ka son maimaita shi, nawa ne rabonsa? Ku kuma faɗa min abin da kuka kalla kwanan nan da makin da kuka ba shi.

Sarkin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Mai Tabarau. Kafin in faɗi nawa, bari in taɓo wani abu da ke yawan haddasa irin wannan musun, wato yadda mutane ke ɗauko lamba daga intanet su kafa hujja da ita ba tare da sanin abin da take nufi ba.

Idan ka ga an ce fim ya samu kashi 95 cikin ɗari a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin fina-finai, ba wai ya ci 9 da rabi cikin goma ba ne. Abin da ake nufi shi ne kashi 95 na masu sharhin da aka tattara sun ce fim ɗin ba laifi ko ya yi kyau. Ka ƙaddara masu sharhi ɗari duk suka ce "to, ya dai kallu," wannan fim zai tashi da ɗari bisa ɗari. Wani kuma mutum saba'in sun haukace a kansa, talatin sun tsane shi, sai ya tashi da saba'in. Ka ga na farkon ya fi na biyun a lamba, alhali babu wanda zai tuna da shi bayan wata guda. Daga kashi 60 zuwa sama suke ba fim alamar jan tumatir, ƙasa da haka kuma koren da ya fashe.

A shafin fina-finai na IMDb kuwa 'yan kallo ne ke jefa maki daga 1 zuwa 10, sai a fitar da matsakaici. Su da kansu sun ce ba kowace ƙuri'a ce ke da nauyi ɗaya ba, kuma ba sa bayyana yadda suke lissafin, don kada a yi musu maguɗi. Ko da hakan, wa ke zuwa ya jefa ƙuri'a? Galibi wanda fim ya yi wa daɗi ƙwarai ko wanda ya ɓata wa rai ƙwarai. Mai cewa "ba yabo ba fallasa" yakan kashe talabijin ya kwanta abinsa. Akwai kuma masu taron dangi a kan fim tun bai fito ba. Abin da ya faru da Captain Marvel ke nan a 2019, har Rotten Tomatoes ta hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fito, daga baya ta ware ƙuri'un waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti.

Ni tsarina layi biyu ne. Layin farko aiki, layi na biyu ni. Na kalli Parasite kwanan nan, na makara sosai tunda na 2019 ne. A layin aiki 10 na ba shi ba tare da na yi tunani sau biyu ba. Daraktan, Bong Joon-ho, ya gina labarin ne da matakala: masu kuɗi kullum hawa ake yi zuwa gare su, talakawa kullum gangarawa ake yi. Ruwan sama ɗaya ya sauka a dare ɗaya, gidan sama suka wayi gari suna murnar iska ta yi tsabta, gidan ƙasa suka kwana a ɗakin wasanni da sauran waɗanda ambaliya ta kora. Shi ne fim na farko da ba da Turanci aka yi ba da ya ci Oscar na fim mafi kyau, a 2020. A layina kuwa 8, saboda ƙarshensa ya zub da jini fiye da yadda zuciyata ke ɗauka.

Da tsarina za ka bi, Society of the Snow ba zai wahalar da kai ba: 9 a nan, 5 a can, an wuce wurin.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Sarkin Lissafi, layi biyu kuma? Mu da muke kallo da yaro a cinya wani yana jan zani, ina muka ga lokacin jan layi?

Ni ma'aunina ɗaya ne, kuma bai taɓa yi min ƙarya ba: sau nawa hannuna ya kai ga waya. Fim ɗin da na gama ban san inda wayata take ba, wannan ya ci. Wanda na tsinci kaina ina amsa saƙo a tsakiyarsa, ko duniya ce ta taru ta yabe shi, a wurina ya faɗi.

Da wannan ma'aunin Dangal ya ci 9. Na sake kallonsa ne da 'ya'yana mata, kuma su suka hana a tsayar ko don a sha ruwa. Aamir Khan ya fito a uban da ya sa 'ya'yansa mata kokawa, har babbar, Geeta Phogat, ta ci lambar zinare a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. Na cire maki ɗaya ne saboda abu biyu. Na farko, wurin da ya sa aka yanke musu gashi suna kuka, fim ɗin yana so in yafe masa da wuri, ni kuwa ban yafe ba. Na biyu, kulle uban da aka yi a ɗaki ranar wasan ƙarshe bai faru a gaske ba, ƙari ne don a samu mugu a cikin labarin. Labarin da ya riga ya yi daɗi, me ya kawo ƙarin gishiri?

Na kuma kalli The Super Mario Bros. Movie na 2023, shi ma don yara. A wurina 5 ne, launi da gudu da tsalle, babu labarin kirki. A wurin ɗana kuwa ba a taɓa yin fim irinsa ba. Masu sharhi da yawa sun yi masa kallon raini, 'yan kallo suka yi ta tururuwa har ya tara sama da dala biliyan ɗaya. To wa ya yi kuskure? Ba don ni aka yi shi ba, don shi aka yi, kuma ya karɓa.

Malam Mai Tabarau, kar ka bari ƙaninka ya sa ka sauya lambarka. Netflix ma taurari biyar suke amfani da su a da, a 2017 suka watsar suka koma ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa. Dalilin da suka bayar shi ne mutane na ba fina-finan ilimantarwa taurari biyar, su ba na barkwanci uku, amma idan dare ya yi na barkwancin suke kunnawa. Wato mutum yana ba da maki ne don a gan shi da mutunci. Kai ka rubuta abin da ka ji, shi ya sa littafinka ya fi nasu gaskiya.

Dattijon Arziki ya amsa:

'Yata Maman 'Yan Biyu, ma'aunin wayar nan naki ina da ja a kansa. Wani lokaci ba fim ne ya gaza ba, mai kallon ne ya zo a gajiye, ko ya saba da abin da ke fashewa duk bayan minti biyar. Da za a bi ta hannu da waya, da duk abin da ke buƙatar haƙuri ya faɗi tun bai fara ba.

Ɗana Mai Tabarau, awar da ka ce ta gundure ka ita ce fim ɗin. Haɗa bam ɗin kowa ya san an yi, yana cikin littattafan makaranta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda Amurka, ƙasar da Oppenheimer ya yi wa wannan aiki, ta juya masa baya. A 1954 aka zaunar da shi a ɗakin nan da ka raina, aka tone rayuwarsa kaf, aka ƙwace masa izinin sanin sirrin gwamnati. Ƙanƙantar ɗakin da gangan ce, don ka ji yadda aka matse mutumin da a da duniya ke sauraronsa. Baƙi da farin kuma ɓangaren Lewis Strauss ne, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka a lokacin, wanda ya ƙulla abin a ɓoye, shi ma a 1959 Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da naɗinsa sakataren harkokin kasuwanci. Da zarar ka gane cewa mai launi idon Oppenheimer ne, marar launi kuma na Strauss, tsallen da ka ce hoto na yi zai daina ruɗa ka. Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Strauss, a wannan awar ya ci tasa lambar Oscar ɗin. Ni 9 na ba shi. Ɗayan da na riƙe saboda kiɗan ne, wanda ba ya barin mutum ya ji magana a natse.

Amma kada ƙaninka ya ɗauka na goyi bayansa. Hujjar Oscar ba hujja ba ce. The Shawshank Redemption an sa shi takara a rukuni 7, bai ci ko ɗaya ba, a sinima ma bai yi kasuwa ba da ya fito a 1994, ga shi shekara da shekaru shi ne a saman jerin IMDb. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da na kalla kwanan nan tsoho ne, 12 Angry Men na 1957. Baƙi da fari, minti 96, kusan duka a ɗaki ɗaya. Mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci, yaro ana tuhumarsa da kashe mahaifinsa, sha ɗaya sun ce a yanke masa, ɗaya ya ce a dakata a yi magana tukuna. Ba harbi, ba mota, ba waƙa. Zafi ne kawai da gumi da fankar da ta ƙi tashi. Ka lura da kyau, yadda gardama ke ƙara zafi haka kyamara ke ƙara matsowa kusa da fuskoki, har ka ji kamar bangon ne ke rufowa. Shi ma bai ci Oscar ko ɗaya ba. Wannan na ba shi 10, kuma fina-finan da na ba 10 a rayuwata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wannan ce ma matsalata da yaran yanzu. Komai 10 ne ko 1. Idan ka ba kowane fim da ya sa ka dariya 10, ranar da ka haɗu da na gaske me za ka ba shi?

Autan Sinima ya amsa:

Baba, ranka ya daɗe, ni ne yaron da kake magana a kai, kuma Dune: Part Two 10 na ba shi, ban rage ko rabi ba.

Amma ku bari in tambaya, a ina kowa ya kalli nasa? Don wannan ma yana cikin lissafi. Ni a sinima na kalle shi da ya fito a 2024. Wurin da jarumin, Paul, ya hau ƙatuwar tsutsar rairayin nan karon farko, kujerar da nake kai rawa take yi saboda sauti. Abokina ya kalle shi a waya da abin kunne guda ɗaya, ɗayan ya lalace, ya zo yana ce min wai fim ɗin yashi ne da mutane masu raɗa, 5 ya ba shi. Ai ba fim ɗaya muka kalla ba. Oscar biyun da ya ci ma na sauti ne da na siddabarun hoto na kwamfuta, abubuwan da waya ke kashewa.

Yaya Mai Tabarau, Oppenheimer ɗin nan a babban allo ka gan shi ko a kan gado? RRR kuma da wane harshe? Asalinsa da Telugu aka yi shi, wanda ya fi yawo kuwa wanda aka juya zuwa Hindi ne. Waƙar "Naatu Naatu" da ta ci Oscar a 2023 ma sunanta ya sauya a can.

Mai Tabarau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, kowa ya kawo abin da ban da shi.

Auta, a talabijin ɗin ɗaki na kalli duka ukun, allo ɗaya, kujera ɗaya, don haka babu wanda aka zalunta a cikinsu. RRR na Hindi ne da fassara a rubuce a ƙasa.

Baba Dattijo, bayanin launin nan ya shige ni, kuma zan nemi 12 Angry Men a makon nan. Amma 7 ɗina tana nan. Ba ɗaki nake ƙi ba, ba kuma magana ba. Abin da ya dame ni shi ne an kashe mutum sama da dubu ɗari a Hiroshima da Nagasaki, fim ɗin bai nuna min fuskar ko ɗaya daga cikinsu a can ba, sannan aka ba ni awa guda in damu da takardar izinin mutum ɗaya da kujerar wani. Na san an yi haka ne don a tsaya a kan abin da shi ya gani da idonsa. Na fahimta, ban dai gamsu ba.

Sarkin Lissafi, layi biyunka na gwada shi a kan Society of the Snow, sai na ga bai zauna ba. Ba zan iya rubuta 5 a gaban fim ɗin da ya hana ni barci ba. Rashin son maimaitawa ba ƙiyayya ba ce. Mutum biyun nan daga cikin waɗanda suka tsira, da suka yi tafiyar kwana goma a ƙafa cikin tsaunuka har suka hango wani makiyayi a tsallaken kogi, sau ɗaya na gani kuma ya ishe ni. Na rubuta 9, wannan karon da biro.

Yanzu kuma an ba ni shawarar Drishyam, amma na ga kala biyu. Wanne zan fara da shi?

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Na 2013 shi ne na asali, da harshen Malayalam, Mohanlal ne jarumin. Na 2015 maimaici ne da Hindi, Ajay Devgn da Tabu, ita ce shugabar 'yan sandan. Labarin ɗaya ne: magidanci mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin, bai yi nisa a makaranta ba, duk dabararsa daga kallon fina-finai ya koyo ta. Fara da na Malayalam, 9 na ba shi, na Hindi 8. Rabin awar farko tafiyar hawainiya yake yi, ka daure. Kuma kada ka bari ƙaninka ya buɗe intanet yana karanta maka ƙarshen.